Zaure da Tsakar Gida: Abin da Na Gani a Tudun Wadar Zariya

Wanda ya taso daga Kano ya sauka a Kwangila, ya hau Keke Napep ya ce a kai shi Ƙofar Doka, zai ratsa garuruwa daban-daban alhali duk sunansu Zariya. Zai bi ta gefen tsohuwar unguwar Turawa mai manyan itatuwa da yalwar fili, ya faɗa hayaniyar PZ da ke bakin Sabon Gari, sannan ya haye gadar Kubanni. Daga gadar nan har zuwa gindin ganuwa, Tudun Wada ke nan da unguwannin da suka tsiro a jikinta. Ta nan na bi cikin bazara, lokacin da rana ke fara dukan kwano tun da hantsi, na sauka wurin wani abokin karatuna wanda aka haife shi a unguwar. Gidaje na zo gani: yadda aka gina su, yadda ake zaune a cikinsu, da abin da zamani ke yi musu.

Ba za a fahimci gidajen Tudun Wada ba sai an san dalilin kafa ta. Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma da isowarsa garin ya cika da baƙi masu neman abinci. Turawa suka raba wa kowa mazauninsa. Birni ya zauna na Zazzagawa a cikin ganuwarsu. Sabon Gari, kusa da tashar jirgi, aka ware shi galibi don mutanen Kudu, akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa. Tudun Wada kuwa aka yanka ta a wajen Ƙofar Doka don 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba, irin su Kanawa da Katsinawa da Nufawa da Barebari, masu sana'a da leburori da masinjoji da tsofaffin soja. Akwai masu irin wannan suna a Kano da Kaduna da Gusau da Jos. Shi ya sa tsohuwar Tudun Wada take da layuka miƙaƙƙu masu giccin juna, da fulotai masu kusurwa huɗu, ba irin lungunan birni da ke lanƙwasa su bi katangar kowane gida ba. Awon Bature ne a ƙasa, amma abin da aka ɗora a kai ginin Bahaushe ne.

Baƙin ba su daina zuwa ba. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, marubuta da masu aikin ɗab'i suka nemi muhalli a nan kusa. Alhaji Abubakar Imam, mutumin Kagara, a Tudun Wada ya kafa gidansa. Kwalejin Barewa ta dawo Zariya a 1949. Makarantar horar da ma'aikatan mulki ta Kongo ta zama sashen Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Asibitin koyarwa na jami'ar ya shafe shekaru a Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta jawo mutanen da ke buƙatar wurin kwana, kuma gidajen unguwar ne suka ɗauke su.

Gidan farko da na shiga shi ne gidan su abokina, wanda kakansa ya gina da ƙasa. Muka tarar da mahaifinsa a zaure, zaune kan buzu, da buta a gefensa da rediyo a jingine da bango.

"Salamu alaikum, Baba, mun same ku lafiya?"

"Wa alaikumus salam. Maraba, maraba. Shigo daga ciki, ɗana, ranar nan ba ta tsayuwa ba ce."

Ƙafata na taka ƙasan zauren na ji jikina ya saki. A waje iska kamar ta bakin murhu, a ciki kuwa sanyi ne mai laushi, babu fanka babu komai. Na dafa bangon, kaurinsa daga ƙasa ya kai tsawon hannuna, yana sirancewa yayin da yake hawa. Na ɗaga kai na ga bakuna biyu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, da tasa kafe a mahaɗarsu, azara jere a tsakaninsu ta yi baƙi saboda daɗewa. Ƙofar da ke shiga ciki ba ta kallon ta waje, an goce da ita gefe, yadda mai wucewa a titi ba zai hangi komai ba ko da ƙyauren a buɗe yake.

Dattijon ya ba ni labarin abin da zauren nan ya ɗauka. A nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, kowa a fito masa da kwanonsa. A nan aka ɗaura auren 'ya'yansa, a nan aka karɓi gaisuwar iyayensa. A nan yara ke karatun allo da asuba. Fataken da dare ya yi musu, da masu jinya da suka kawo marar lafiya asibiti daga ƙauye ba su san kowa ba, da ɗalibin da ya zo neman shiga makaranta bai sami ɗaki ba, duk sun kwana a nan, ba wanda ya tambaye su ko kwabo.

Da aka yi mana iso, muka wuce ƙofar gida, wato filin da ke tsakanin zaure da shigifa, inda ɗakunan samari suke da turken tumaki. Muka ratsa shigifa muka fito tsakar gida. Bishiyar darbejiya ta rufe kusan rabin filin da inuwa. Ga rijiya da guga a bakinta, ga turmi a kife, ga madafi a kusurwar da iska ke kwashe hayaƙi. Ɗakunan mata na kewaye, kowace ƙofa na kallon fili. Wata tsohuwa na tsinken zogale a kan faifai, yara na rarrafe kusa da ita, matan gidan na aikinsu a sake, ba mai lulluɓi don ba idon da zai faɗo musu. Na lura gidan an jera shi ne mataki-mataki: titi na kowa, zaure na baƙo, ƙofar gida ta na kusa, cikin gida na iyali. Mutum yana shiga gwargwadon kusancinsa, ba tare da an ce masa tsaya nan ba.

Washegari muka yi sa'a, magini ya zo gyaran soron wani ɗaki kafin ruwa ya sauka. Dattijo ne mai furfura, da yaro ɗaya yana cuɗa masa ƙasa da ƙafa. Na gaishe shi, na ce, "Sannu da aiki, Malam. A ba ni izini in tsaya in ga yadda ake yi?"

Ya ce, "Bismilla, ai ba ɓoyayyen abu ba ne. Matso nan ka gani."

Ya nuna mini yadda ake jiƙa ƙasa a haɗa ta da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana tana ruɓa kafin a taɓa ta. Ya ɗauko wani tsohon tubali da ya fito daga bango, mai faɗin gindi da tsinin kai, ya ce da hannu ake mulmula shi a shanya a rana, in an zo gini a jera shi kai sama, a cike tsakani da ƙasa. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. Wannan ne ya sa magina suka ƙware wurin ɗaurin baka, suna jera azara guntu-guntu suna turo ta gaba har ta haɗu a sama, a sami ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi. Don kare bango daga ruwa akwai makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Don soro akwai laso, haɗin katsi na marina da gashin dabba da dafara. Indararo kuma ya fitar da ruwa nesa da jikin bango. Yana magana yana dama ƙasa a tafinsa, yana maka ta a tsaga, yana shafe ta da gefen hannu har ta koma ɗaya da tsohon yaɓe.

Na tambaye shi ko yana da masu koyo. Ya ce 'ya'yansa duk birkiloli ne, bulo suke ɗorawa, kuma bai ga laifinsu ba, don aikin ƙasa yanzu sai gyara. Giginya ta yi nisa, marina sun ragu balle a sami katsi, kududdufan da ake ɗibar ƙasa an cike su an yi gini a kai.

Da yamma muka zaga layuka muna duban fuskokin gidaje. Zariya ta yi suna a kan adon bango, har wani marubuci mai suna Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a kan gidajenta masu zane a 1963. A wancan zamani mai hali kan sa a zana masa dagi da takobi a fuskar zaure, wani har da keke ko mota ko agogo, don a san abin da ya mallaka ko abin da yake buri. Mun ga ragowar irin wannan a 'yan wurare: dagi da rabinsa ya zube, zanko guda a kusurwa ɗan'uwansa ya faɗi, wani kuma an shafe shi da siminti an bi shi da fenti. Abin da ya fi yawa a bakin titi yanzu shi ne ƙofofin ƙarfe na shaguna, mai cajin waya, mai POS, kemis, tela, mai sayar da katin waya. Abokina yana tafe yana nuna mini: wannan zauren wane ne a da, wancan ma haka. An toshe ƙofar ciki, an faɗaɗa ta waje, an ba da haya. Mutanen gidan kuma aka fasa musu wata siririyar hanya a gefe, wadda mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace.

Gida na biyu da na shiga gidan haya ne, kusa da hanyar Kongo. Fulotin daidai yake da na su abokina, amma an jera ɗakunan bulo hagu da dama, ƙofa na kallon ƙofa, an bar wani siririn fili a tsakiya wanda igiyoyin shanya suka cike. A ciki akwai ɗalibai, da ma'aikaciyar jinya, da ɗan acaɓa da amaryarsa, da magidanci mai 'ya'ya a ciki da falo. Makewayi biyu ne na kowa da kowa, da safe sai an yi layi. Kowace ƙofa da risho ko murhun gawayi a bakinta, da jarkoki jere suna jiran mai kura, domin famfon gidan ya daɗe bai kawo ba, rijiyar kuma takan ja baya da bazara.

Wata mata mai goyo ta ba mu tabarma a ƙofar ɗakinta. Na leƙa ciki da izininta. Gado, katifar yara a jingine, kwanukan aure jere a kabad, taga guda ƙarama wadda ke buɗewa ga katangar maƙwabci, tazarar ba ta fi taku ɗaya ba. Silin ya yi taswirar yoyon bara. Da azahar ɗakin ba ya shiguwa, bulon kuma yakan riƙe zafin har tsakar dare.

Na ce, "Hajiya, yaya kuke yi da dare in babu wuta?"

Ta ce, "Malam, sai haƙuri. Maza su fita da tabarma ƙofar gida. Mu da yara ina za mu? Nan za mu zauna muna fifita har bacci ya sace su."

Ta ce ba ta da abin faɗa a kan maƙwabtanta sai alheri. Ranar da ta haihu, matar ɗakin da ke kallon nata, wadda ba yarensu ɗaya ba kuma ba addininsu ɗaya ba, ita ta dafa mata ruwan wanka. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, akan yi cacar baki a kan shara da kuɗin wuta, a shirya kafin magariba. Abin da ke damunta shi ne, in mahaifinta ya zo daga ƙauye babu inda za ta sauke shi, kuma ba ta da inda za ta cire mayafi ta sha iska.

Maganar nan tata ita ce ta tsaya mini a rai fiye da duk abin da na gani. Ta ambaci abu biyu da ta rasa, wurin baƙo da wurin sakewa, kuma su ne ainihin zaure da tsakar gida.

Ba zan ɗora wa masu gidajen laifi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dalilan a fili suke. In mai gida ya rasu aka zo rabon gado, fuloti guda sai ya zama rabi, rabi ya zama kwata, kowa ya ja katanga, kuma filin tsakiya ne ke fara tafiya. Inda magada suka kasa daidaitawa, sai a sayar wa mai kuɗi ya rushe ya zuba ɗakunan haya. Ɗan fansho da kuɗinsa ba sa isa, ga ɗalibai na yawo da dillalai suna neman ɗaki, me zai hana shi yanka zaurensa? Ga tsadar kayan gini: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Wanda ya sayi siminti a haka, kowane taku na filinsa so yake ya dawo masa da kuɗi. Wani masani Bajamushe, Schwerdtfeger, wanda ya auna gidajen Zariya ya fitar da littafi a 1982 yana gwada su da na Ibadan da Marrakesh, ya nuna yadda gidan Bahaushe ke girma yana raguwa tare da iyalin da ke cikinsa: a yi aure a ƙara ɗaki, a rasu a bar ɗaki ya koma ƙasa. Wannan numfashin yana yiwuwa ne in akwai fili. In bulo ya cinye filin, gidan ya ƙage ke nan.

Unguwa ma tana biyan nata kuɗin. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. A da tsakar gida na shan wani, kududdufi na tare wani. Yanzu kwano na zubo shi kan siminti, siminti ya tura shi kwata, kwata kuma ta toshe da leda. Na ga gidajen da aka ɗaga musu dokin ƙofa da bulo layi biyu, alamar ruwan ya taɓa shiga ɗaki.

Kafin in bar garin na shiga birni ta Ƙofar Doka, na je Masallacin Juma'a da ke fuskantar fadar Sarkin Zazzau. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa da azara a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, kuma masana gini na duniya na lissafa shi cikin manyan ayyukan ginin ƙasa a Afirka. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Tsayuwa a wurin ta sa na ƙara gane maganar maginin nan: ginin ƙasa amana ce da ake sabuntawa kowace shekara, kuma yana buƙatar hannun da ya san shi. Duk mai kiran a koma ginin ƙasa, wajibi ne ya haɗa da kiran a raya masu gyaransa. Matar da soro ya taɓa zubo mata cikin Agusta tana da hujjarta in ta ce kwano take so.

Saboda haka ba cewa nake a watsar da siminti ba. Abin da nake jin tsoron ɓacewarsa shi ne tsarin, wato sanin inda za a sa ƙofa, inda za a bar fili, ta inda iska za ta shiga, da inda baƙo zai zauna. Wannan ilimi ba ya rantse da tubali ba, yana hawa kan bulo ma. Maƙwabtanmu sun gwada sun gani. A Yamai, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou da abokan aikinta sun kammala rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000 a 2016, da bulon ƙasa da inji ya matse, a kan ƙaramin fili, hawa biyu, kuma kowane gida da filin shan iskarsa a killace. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama ya bar tazara iska na ratsawa, ɗaya daga cikin ayyukan da suka kai shi ga lambar yabo ta Pritzker ta masu zanen gine-gine a 2022. Mu kuwa ga sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Nijeriya, tafiyar mota kaɗan daga Tudun Wada. Ga ɗaliban gini a Kwalejin Nuhu Bamalli. Ga sauran tsofaffin magina da ransu. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kan matsala guda: yaya za a zana gidan haya a kan rabin fuloti, mai kuɗin da talaka zai iya, wanda kowane ɗaki ke da taga biyu masu kallon iska, da fili na mata, da ɗan zaure na kowa?

Na ga alamar hakan na yiwuwa a wani gini da ake yi can wajen Tudun Jukun. Mai shi malamin makaranta ne, da bulo yake gini, a hankali, in albashi ya shigo a ɗora layi biyu. Filinsa ƙarami ne, amma ya fitar da zaure a gaba, ya goce da ƙofar ciki, ya dasa mangwaro a tsakiya tun kafin ginin ya kai linta. Ya ce birkilansa ya ba shi shawara ya mai da zauren shago, ya lissafa masa abin da zai riƙa samu a shekara. Shi kuwa ya tuna cewa mahaifinsa da ya zo garin nan neman aiki, a zauren wani ya kwana har ya sami gindin zama.

Hukumomin tsara birane na Jihar Kaduna na da ikon cewa kada a cinye fuloti duka da gini, kuma ya kamata su yi amfani da ikon cikin adalci, kan mai kuɗi kafin talaka. Alƙalai da malaman da ke rabon gado na iya nuna wa magada hanyar da za a raba ɗakuna a bar tsakar gida ta zama ta tarayya. Masu unguwanni na iya tsayawa kan sauran kududdufai da hanyoyin ruwa. Amma mafi yawan hukuncin yana hannun mutum ɗaya ne, ranar da ya tsaya a filinsa da birkila da igiyar awo. Tudun Wada unguwa ce da baƙi suka gina, kusan kowane gida a cikinta ya faro ne daga wani da aka ba masauki. Jikokin waɗannan mutane su ne ke gini yau, kuma haƙƙi ne a kansu su bar wa iyalinsu wurin shan iska, su bar wa mai zuwa wurin sauka.